An Neme Shi Sama Ko Ƙasa: Tarihin Baturen Da Ya Fara Saukar Da Jirgin Sama A Kano

Ni mutumin Illela ne, can bakin iyaka, inda in ka ɗan taka gaba sai ka gan ka a Birnin Ƙonni. Duk wanda ya tashi a garinmu ya san hanyar nan da ta miƙa arewa, ta bi Ƙonni, ta wuce Tawa, ta dangana da Agadas. Shanu da raƙuma na shigowa ta nan, hatsi da kayan masarufi na fita. Akwai kuma samari masu 'yar jaka a baya, waɗanda ba sa son a tambaye su inda za su. Shekara shida ke nan ɗan yayar mahaifiyata ya bi sahunsu. Tare muka yi firamare da shi. Ya kira daga Agadas, ya kira daga Sabha, sannan ya kira daga wani gari na bakin teku a Libiya ya ce gobe da dare za su hau. Tun daga wannan kiran ba a sake jin muryarsa ba. Har yau innarsa ba ta yarda a yi mata gaisuwar mutuwa ba. Ta ce ba ta ga gawa ba, ba kuma wanda ya zo ya ce mata shi ya gani.

A zangon karatun da ya wuce aka ba mu aikin gida a kan tarihin sufuri a Nijeriya. Ina neman ranar da jirgin sama ya fara sauka a ƙasar nan sai na ci karo da sunan wani Bature, Arthur Coningham. Da layi biyu na yi niyyar sallamarsa. To amma da na ga yadda ya ƙare, da kuma irin samarin da suka ɓace a ƙarƙashinsa, sai na kasa ajiye labarin. Shi ne na ce bari in kawo shi nan mujallarmu.

Yaron da sunan ubansa ya ɓaci

An haifi Coningham ranar 19 ga Janairun 1895 a birnin Brisbane na ƙasar Ostireliya. Sunan ubansa aka sa masa. Uban shahararren ɗan wasan kurket ne, har ya taɓa buga wa ƙasarsa. Sai dai abin da ya fi fito da sunansa shi ne wata shari'a da ya kai kotu, inda ya zargi wani babban limamin cocin Katolika da neman matarsa. Shari'ar ta girgiza birnin Sidni, kuma daga ƙarshe ya sha kaye. Zama ya gagara, sai ya kwashi iyalinsa a 1901 suka koma ƙasar Niyu Zilan. Can ma bai zauna lafiya ba, don an ɗaure shi a kan zamba, aure kuma ya mutu a 1912.

Ka ga irin gidan da yaron ya tashi. Ya samu tallafin karatu ya shiga Kwalejin Wellington, amma ba a san shi da ƙoƙarin aji ba. Inda ya yi fice shi ne guje-guje, hawan doki da harbin bindiga. Da ya bar makaranta aikin gona ya kama. Na tsaya a nan na ɗan yi tunani, don a cikinmu akwai da yawa da ke ɗauke da irin wannan kaya: uba ya ɓata suna, sakamakon jarrabawa bai yi kyau ba, garin kuma kowa ya san labarinka. Irin wannan saurayi, da zarar ƙofa ta buɗe, ficewa yake.

Ƙofarsa ta buɗe a Agustan 1914 da aka fara Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yana da shekara 19 ya shiga soja. Da shi aka je aka karɓe tsibirin Samowa daga hannun Jamusawa, daga baya aka kai shi Masar cikin sojan doki. Zazzaɓin taifod ya kwantar da shi, aka sallame shi a 1916 aka ce ba zai iya ba. Wani da sai ya gode wa Allah ya koma gona. Shi kuwa da kuɗinsa ya biya jirgin ruwa zuwa Ingila, ya je ya nemi a ɗauke shi koyon tuƙin jirgin sama. Abokan aikinsa suka riƙa tsokanarsa da Maori, wato sunan ƙabilar asali ta Niyu Zilan. A bakin Turawan Ingila sunan ya lanƙwashe ya koma Mary. Namiji, sojan yaƙi, amma da wannan sunan mata aka san shi har ya bar duniya, kuma bai damu ba.

A Disambar 1916 aka tura shi Faransa, runduna ta 32. Jiragen lokacin katako ne da yadi da waya, ba rufi a kan matuƙi, ba kuma lemar tsira. Ya harbo jiragen Jamus fiye da goma, shi ma an ji masa rauni a 1917, an sake ji masa a 1918. Yana da shekara 23 aka ba shi shugabancin runduna ta 92. Mu lura da wannan shekarun. Da yawanmu a nan makarantar mun kai su, wasu ma mun wuce.

Abin da bai kamata a ɓoye ba

Bayan yaƙi ya ci gaba da aikin sojan sama, a 1922 kuma aka kai shi Iraƙi, inda ya shugabanci runduna ta 55 a Mosul. A wannan shekarar ce Ingila ta damƙa tsaron Iraƙi a hannun sojan sama, don ta lissafa ta ga jirgi ya fi bataliyar sojan ƙasa araha. Tsarin kuwa shi ne, ƙauyen da ya yi tawaye ko ya ƙi bin umarni, a aiko jirgi ya yi masa ruwan bama-bamai. Kurdawa da Larabawa sun ɗanɗana kuɗarsu. Coningham na cikin masu wannan aiki, kuma a wurin iyayen gidansa ya yi abin yabo. Ban kawo shi nan don in wanke shi ba. Ma'aikacin mulkin mallaka ne, da hannunsa aka yi abin da aka yi, kuma jirgin da ya kawo mana Kano irin wanda ya yi aiki da shi ne a kan ƙauyukan Iraƙi.

Daga Alƙahira zuwa Kano

Ranar 27 ga Oktoban 1925 jirage uku ƙirar DH.9A suka tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira, Coningham na jagora. Kowane jirgi mutum biyu yake ɗauka, don haka su shida ne: matuƙa uku, makanikai uku. 'Yan sashen injiniya, ga naku. Jirgin fukafukinsa hawa biyu ne, sama da ƙasa, injinsa ƙirar Liberty ta Amurka mai silinda 12 da ƙarfin doki 400, kuma da ruwa ake sanyaya shi. A ƙasashe masu zafi sai an ƙara masa lagireto na biyu. Duk inda aka sauka, matuƙi ya je ya huta, bakanike kuwa ya kwana a kan inji yana duba fulogi da mai da ruwa. Ba domin waɗannan ukun ba, da ba a kai ko'ina ba.

Suka bi kogin Nilu zuwa Hartum, suka karya yamma ta El Obeid, sannan El Fasher a Darfur, suka shiga ƙasar Faransa ta Abeshe da Fort Lami, wato Injamena ta yau, sannan Maiduguri. Taswira da kamfas kawai suke bi, ƙasa kuma ba titin jirgi, sai filayen da aka share aka ajiye musu mai. Ranar 1 ga Nuwamban 1925 suka sauka a filin wasan dawakai na Kano, zamanin Sarkin Kano Usman. A Sakkwato lokacin Sarkin Musulmi Muhammadu Tambari ne ke kan gado. Daga Kano suka wuce Kaduna, sannan suka juya ta hanyar da suka zo, suka koma Masar a cikin watan na Nuwamba, jirage ukun duka. Aka ba shi lambar yabo.

Mu tuna, shekara 22 ke nan kacal da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903. A cikin 'yan kallon da suka taru akwai waɗanda suka ga wancan yaƙin da idonsu. Tafiyar tana da manufa biyu: a gwada ko hanya za ta yiwu, a kuma nuna wa talakawa da sarakuna irin ƙarfin da mai mulki ke da shi. Hanyar ta yiwu. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano, kuma daga nan filin jirgin Kano ya samo asali. Duk alhajin da ya taɓa tashi daga Kano zuwa Jidda, sawun wannan tafiya ya bi ta wata fuskar.

Samarin da ya riƙa turawa cikin dare

Shekarun da suka biyo baya ya yi su yana koyarwa a kwalejin sojan sama ta Cranwell da wasu ayyukan ofis. Ya yi aure a 1932. A Yulin 1939, ana saura 'yan makonni Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, aka ba shi rukuni na 4 na jirage masu jefa bam, a lardin Yorkshire da ke arewacin Ingila. A nan ne labarinsa ya haɗu da na samarin da suka sa na ɗauki alƙalami.

Jiragensa ƙirar Whitley ne, masu inji biyu, kowanne da mutum biyar, kuma da dare suke aiki. Tsakanin Ingila da Jamus akwai Tekun Arewa, dole a haye shi a tafiya, a sake haye shi a dawowa. Da farko ma takardun farfaganda aka riƙa tura su su watsa a biranen Jamus, daga baya aka koma bam. Tafiya ɗaya takan ci awa takwas ko goma cikin sanyin da ke daskarar da ruwa a kan fukafuki. Na'urar nuna hanya ba ta inganta ba tukuna, sai lissafin agogo da kamfas da taurari. In lissafi ya kuskure, ko iska ta sauya, ko harsashi ya huda tankin mai, sai jirgi ya ƙare mai a kan ruwa, a cikin duhu.

Abin da aka tanadar musu shi ne kwalekwalen roba da ake hurawa, wani lokaci da tantabaru a akwati, waɗanda za a ɗaura wa saƙo a ƙafa a sake su su koma gida. Ruwan Tekun Arewa kuwa a lokacin hunturu ba ya barin mutum ya daɗe da rai. Sai a Fabrairun 1941 Ingila ta kafa hukuma ta musamman don ceto matuƙan da suka faɗa teku, bayan an riga an yi asarar da yawa. Da na karanta batun kwalekwalen roban nan sai da na ajiye littafin, don irinsa ne ɗan'uwana ya ce za su hau.

A tsawon yaƙin, kusan mutum 125,000 ne suka yi aiki a jiragen jefa bam na Ingila, kuma sama da 55,000 daga cikinsu sun mutu. Mafi yawansu 'yan shekara ashirin da 'yan kai ne, akwai ma 'yan 19. Wanda ya faɗo a ƙasa, ko abokan gaba sukan binne shi su rubuta suna. Wanda ya faɗa ruwa, sai dai da safe a ga gadonsa ba kowa, a tattara kayansa, a buga wa iyayensa waya cewa ya ɓace. Bayan wasu watanni gwamnati ta rubuto cewa a hukumance ta ɗauka ya mutu. Coningham shi ne mai sa hannu a umarnin tashi, dare bayan dare, har shekara biyu. Haka kuma bama-baman da samarin suka jefa sun faɗa a kan gidajen da ke da nasu iyaye da yara. Yaƙi ba ya barin kowa da hannu mai tsabta.

Nijeriya ma sunanta ya shiga wannan fage. An tara kuɗi a ƙasar nan, har da Arewa, don sayen jiragen yaƙi, shi ya sa aka laƙaba wa runduna ta 91 sunan Nijeriya. Jiragen Spitfire take tuƙawa daga Hawkinge, a gaɓar mashigin ruwan da ya raba Ingila da Faransa, kuma cikin ayyukanta har da leƙen teku don gano matuƙan da suka faɗa ruwa. Kuɗin kakanninmu ne ya shiga ciki.

Lokacin da Illela ta zama bakin daga

A Yunin 1940 Jamus ta ci Faransa, Italiya kuma ta shiga yaƙin a gefen Jamus. Bahar Rum ya zama wurin haɗari ga jiragen ruwan Ingila, alhali sojojinta na Masar na neman jiragen sama ruwa a jallo. A nan yankinmu ma abin ya taɓa mu. Turawan da ke mulkin Nijar sun bi gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus, suka zauna a haka har Nuwamban 1942. Wato tsawon shekara biyu da 'yan watanni, Illela na ɓangare ɗaya na yaƙin duniya, Ƙonni na ɗaya ɓangaren, alhali dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya, harshe ɗaya. Mu da muka ga rufe iyaka a 2019 da kuma 2023 mun san yadda irin wannan ke shiga har cikin tukunya.

Chadi ce ta bambanta. Gwamnanta, Félix Éboué, baƙar fata ne ɗan asalin Giyana ta Faransa, kuma ranar 26 ga Agustan 1940 ya bayyana goyon bayansa ga Janar de Gaulle. Wannan ne ya buɗe sararin Fort Lami. Sai Ingila ta tuna da hanyar 1925. Aka riƙa kawo jirage a cikin akwatuna ta jirgin ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lami, El Fasher, Hartum, har Alƙahira. Ayarin farko ya tashi a Satumban 1940: Blenheim ɗaya a gaba tana nuna hanya, Hurricane shida na biye. Tafiyar takan ɗauki kamar kwana shida. Zuwa 1943 jirage sama da 5,000 sun bi ta nan. Hazo da guguwar damina sun kayar da wasu a daji. Leburorin Kano da Maiduguri ne suka share filayen, suka gangara da durom-durom na mai.

A Yulin 1941 shugaban sojan sama na Gabas ta Tsakiya, Arthur Tedder, ya kira Coningham Masar ya ba shi jiragen da ke yaƙi a hamadar Libiya. Ikon Allah, jiragen da suka riƙa iso masa ta Kano suke biyowa, ta hanyar da shi da kansa ya buɗe yana saurayi. A nan ya yi aikin da ya sa sunansa ya shiga littattafan soja. Kafin shi, kowane kwamandan sojan ƙasa so yake a ba shi nasa jiragen su riƙa shawagi a kansa. Coningham ya ce a'a: a tara jirage a hannu ɗaya, a fara kawar da jiragen abokan gaba daga sama, sannan a taru a daki inda ya fi muhimmanci. Ya kuma kafa tantinsa dab da na kwamandan sojan ƙasa don a riƙa shawara kullum. Da Rommel ya fatattaki sojan Ingila a tsakiyar 1942, jiragensa ne suka kare su har suka ja da baya zuwa El Alamein, inda a Oktoba da Nuwamba aka juya akalar yaƙin. Bayan wannan nasara aka ba shi lambar girma ta Sir. Amurkawa ma suka ɗauki tsarinsa suka sa a ƙa'idar sojansu a 1943.

Wannan gaɓar teku da aka yi ta gwabzawa a kanta, daga Tobruk zuwa Bengazi zuwa Tarabulus, ita ce dai gaɓar da samarinmu ke tsayawa yau suna jiran dare. A ƙarƙashin ruwan akwai jiragen matasan Ingila, Ostireliya, Afirka ta Kudu, Jamus da Italiya.

Halinsa kuwa, an san shi ba ya shan taba, bai damu da giya ba, ba ya son zancen batsa. Amma akwai shi da ji da kai da kaifin baki. Ya ɓata da Janar Montgomery, don yana ganin Montgomery ya kwashe yabon nasara shi kaɗai, kuma ya cika jan ƙafa wajen bin abokan gaba. A Tunisiya a Afrilun 1943 ya aika saƙo mai zafi yana mayar wa Janar Patton na Amurka martani, har sai da Tedder ya sa shi ya je ya ba da haƙuri. Duk da haka da shi aka shiga Sisili da Italiya, kuma a Janairun 1944 aka ba shi babbar rundunar jiragen da ta rufa wa sojojin ƙawance baya a saukar Normandi ranar 6 ga Yunin 1944, har zuwa faɗuwar Jamus a 1945. A 1947 ya nemi a sallame shi, ya yi ritaya.

Daren 30 ga Janairun 1948

Mutumin da ya tsallake yaƙin duniya biyu, ga yadda ajalinsa ya zo. A ƙarshen Janairun 1948 ya shiga jirgin fasinja mai suna Star Tiger, ƙirar Avro Tudor, na kamfanin British South American Airways, daga Landan. Suka yada zango a Lisbon ta Fotugal, sannan a tsibirin Santa Mariya cikin tsibiran Azores. Daga nan sai Bamuda, tafiyar kusan mil 2,000 a kan Tekun Atlantika, ba wurin sauka a tsakani. Mutum 31 ne a ciki: fasinja 25, ma'aikata 6.

Iska mai ƙarfi na tunkarar su, don haka matuƙin ya zaɓi ya bi ƙasa-ƙasa, ƙafa 2,000 kawai a kan ruwa, inda yake sa ran iskar ta fi sauƙi. Matsalar ita ce, a wannan tsayin jirgi ya fi shan mai, kuma in inji ya samu tangarɗa ba sararin da za a yi dabara kafin a taɓa ruwa. Da misalin ƙarfe uku da kwata na dare mai rediyon jirgin ya nemi Bamuda ta gaya masa saitin da suke, aka gaya masa, ya amsa cewa ya ji. Shi ke nan. Aka yi ta kira, shiru. Kwana biyar jirage na shawagi suna nema, ba a ga ko ɓallin katako ba, ba a ga ɗigon mai a kan ruwa ba. Kwamitin binciken da gwamnatin Ingila ta kafa ya zauna ya tashi bai iya faɗin abin da ya faru ba. Da wani jirgin kamfanin, Star Ariel, ya sake ɓacewa a Janairun 1949, sai masu son almara suka samu abin faɗi a kan aljanun tekun Bamuda. Ni dai ɗalibin fasaha ne, iska da mai da tsayi sun ishe ni bayani.

Coningham na da shekara 53. A wannan rana ta 30 ga Janairu aka harbe Mahatma Gandhi a Indiya, a ranar ce kuma Orville Wright ya rasu, ɗaya daga cikin 'yan'uwa biyun da suka fara tashi da jirgi mai inji a 1903. Labarin ukun ya fito a shafin farko na jaridu tare.

Sunaye a jikin bango

Bayan yaƙi Turawa sun fuskanci tambayar da innar ɗan'uwana ke fuskanta: ina za ka je ka tsaya in ba kabari? Amsar da suka bayar ita ce rubuta suna. A Runnymede, kusa da Landan, an gina wuri a kan tudu, aka buɗe shi a 1953, aka sassaƙa sunayen sojan sama fiye da 20,000 da ba a san kabarinsu ba. A tsibirin Malta akwai wani mai suna kusan 2,300. A El Alamein akwai na sojan sama fiye da 3,000. Kowane suna da muƙaminsa, kuma akwai rajista da ke nuna rundunarsa da ranar da ya ɓace, sau da yawa har da shekarunsa da sunan iyayensa. Jikan jikansa zai iya zuwa yau ya sa yatsa a kai. Shi kansa Coningham ba ya cikinsu, don hukumar kula da kaburburan yaƙi ta rufe lissafinta ranar 31 ga Disambar 1947, shi kuwa ya ɓace bayan wata ɗaya, yana farar hula. Bai rasa komai ba, manya ba sa rasa mai rubuta tarihinsu. Yaran ne da ba a rubuta su ba da tuni an manta da su.

Mu fa? Hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya sama da mutum 25,000 da suka mutu ko suka ɓace a Bahar Rum tun daga 2014. Yawancinsu lamba ce kawai, ba suna. Addininmu bai bar wannan batu a banza ba. A mazhabar Malikiyya, matar wanda ya ɓace takan kai ƙara gaban alƙali, a bincika, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba. Ka ga ko shari'a bincike ta fara nema, bincike kuwa ba ya yiwuwa sai da suna, da rana, da wurin da aka ji ɗuriyar mutum na ƙarshe. Ƙungiyar Red Cross ma tana da sashen neman waɗanda suka ɓace, kuma waɗannan bayanan za ta fara tambayar ka.

Ba na cewa samarinmu sojoji ne, ba na kuma cewa tafiyar da suka yi daidai ce. In ƙanena ya ce zai bi hanyar nan, riƙe shi zan yi da hannu biyu. Amma wanda ya riga ya tafi ɗanmu ne. Roƙona ga ƙungiyar ɗalibai shi ne ta ajiye rajista guda a ofishinta. In mun tafi hutu, daga Illela, Gwadabawa, Gada, Tangaza ko duk inda muka fito, kowa ya nemi izinin iyaye ya rubuto wanda ya ɓace a unguwarsu: sunansa, sunan mahaifinsa, shekarar da ya tafi, da garin da ya yi kira na ƙarshe. Ba sai mun jira gwamnati ta gina bango ba, littafi mai bango mai kauri ya isa a fara.

Ni na riga na sayi nawa. Da na je gida na gaya wa inna abin da nake son yi, ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko littafin matattu ne. Na ce mata na waɗanda ake nema ne. Sai ta tashi ta ɗauko tsohuwar wayarta, ta nuna mini ranar kiran ƙarshe, na rubuta a layin farko.

Allah Ya bayyana mana waɗanda ke raye, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba iyayensu haƙuri. Amin.